Hawan Dutsen Tebur a Wuni Guda: Saukowa Ake Shirya Wa

Baƙon da ya sauka birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ba ya bukatar a nuna masa Dutsen Tebur. Dutsen ya tokare birnin ta baya, kansa a shimfiɗe, faɗin fuskarsa kusan kilomita 3 tsakanin tudun Devil's Peak ta gabas da na Lion's Head ta yamma, tekun Atlantika kuma yana kwance a gabansa. Ƙololuwarsa mita 1,086 ce sama da matakin teku. Daga tsakiyar gari zuwa bakin hanyar hawa tafiyar 'yan mintoci ce a tasi, kuma daga can sama mutum yana hango titunan da ya baro, har da motocin da ke kai da kawowa. Wannan kusanci shi ya jawo wa dutsen farin jini, shi ne kuma yake ruɗar mutane, domin wanda ke hangen rufin masaukinsa da wuya ya yarda cewa a daji yake. Ganin Dala kuwa ba shiga birni ba ne. Abin da nake son kafa hujja a kai shi ne, duk mai niyyar hawan dutsen da ke bakin teku ya dawo a wuni guda, saukowa ya kamata ya shirya wa, saukowa da ƙafarsa, a gajiye, cikin yanayin da ba shi ya tarar da safe ba. Zaɓen hanya, da lokacin tashi, da abin da za a zuba a jaka, duk daga wannan lissafi suke fitowa.

Mai musu zai fara da cewa dutsen bai kai a tayar da hankali a kansa ba. Mita dubu da 'yan kai fa? Garin Jos kansa ya haura mita 1,200 sama da matakin teku, mutane kuma suna kwana suna tashi a can lafiya ƙalau. Haka ne, kuma a wannan tsayin ba a fargabar ciwon ƙarancin iskar shaƙa irin wanda ke kama masu hawan Kilimanjaro. Sai dai mutumin Jos a kan faffaɗan tudu yake zaune, nesa da teku, shi kuwa Dutsen Tebur daga bakin ruwa ya miƙe tsaye, don haka iskar da ta taso daga teku ba ta da mafita sai ta haura shi. Iska idan tana yin sama hucewa take yi, a matsakaicin lissafi kusan digiri 6 da rabi a kowane mita 1,000, takan ma kusa kai digiri 10 idan busasshiya ce. Da zarar ta huce zuwa wani mataki, sai danshin da ta kwaso daga teku ya dunƙule ya zama gajimare. Ta haka ake samun farin gajimaren nan da ke lulluɓe kan dutsen yana kwararowa ta gefe, wanda mutanen garin ke kira mayafin tebur. Iskar kudu maso gabas ce ke kawo shi, wadda ke kaɗawa da ƙarfi a watannin zafi bayan ta ratso ta kan mashigin ruwan False Bay. Daga ƙasa abin sha'awa ne, masu ɗaukar hoto rububinsa suke yi. Wanda ya rutsa da shi a sama kuwa sanyi yake fama da shi, da danshi mai jiƙa tufafi, da iska mai ture mutum, ga ido ba ya wuce 'yan taku. Cikin ƙasa da awa guda yana iya haɗuwa ya rufe ko'ina, alhali a bakin ruwan Camps Bay mutane na kwance a rairayi suna shan hantsi.

Saboda haka shirin yana farawa ne daga kalanda. A can zafi daga Disamba zuwa Fabrairu yake, lokacin da hunturu ke kaɗawa a ƙasar Hausa, kuma zafin busasshe ne mai yawan iska. Ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da iskar arewa maso yamma ke turo hadari daga teku, jefi-jefi har dusar ƙanƙara takan sauka a kan dutsen. Tsakanin Maris da Mayu iska takan lafa, zafi ya ragu, shi ya sa nake ganin babu lokacin da ya fi wa sabon shiga daɗi kamarsa, ko da yake mai son furanni zai fi son Satumba da Oktoba. Akwai kuma abin da baƙi ke mantawa: birnin yana kudu da tsakiyar duniya sosai, don haka rana ta arewa take bi, fuskar dutsen da ke kallon gari kuwa arewa take kallo, ke nan tun da hantsi rana take dukanta har la'asar. Hasashen yanayin da za a duba shi ne na kan dutsen, domin na cikin gari ba ya faɗin abin da ake ciki a sama. A duba shi da dare, a sake dubawa da asuba, a fi mayar da hankali ga ƙarfin iska da inda ta fito fiye da digirin zafi. Kamfanin motar igiya da ke kai mutane sama yana sanya halin da ake ciki a shafinsa na intanet, ko motar na aiki, da sanyin da ake yi, da ƙarfin iska, da yadda ido ke iya hange. Bayan duk wannan a ɗaga kai a kalli dutsen. Baƙon da ya ware wa hawan rana guda tak a cikin tafiyarsa ya riga ya ɗaure kansa, domin idan ranar ta zo da iska zuciyarsa za ta riƙa raya masa cewa ai ba komai. A ware kwana biyu ko uku, a ɗauki wadda ta fi kyau a cikinsu.

Hanyoyin hawa suna da yawa, amma wadda na fi ganin dacewarta ga wanda bai taɓa zuwa ba ita ce Platteklip Gorge, kwazazzabon nan da ya tsaga fuskar dutsen daga ƙasa har sama. Ta nan ne Antonio de Saldanha, wani jagoran jiragen ruwa na ƙasar Fotugal, ya hau a shekarar 1503 don ya gane inda jiragensa suka tsaya, kuma hawansa shi ne na farko da Turawa suka rubuta, ko da yake mutanen Khoekhoe da San sun daɗe a wurin kafin zuwansa. Ana kama hanyar daga titin Tafelberg, gaba kaɗan da tashar motar igiya ta ƙasa. Tsawonta bai cika kilomita 3 ba, amma a cikin wannan 'yar tazara ake haura kusan mita 700, kusan duk a kan matakalar duwatsu masu karkacewa hagu da dama, wasu tsayinsu ya kusa gwiwa. Inuwa ba ta da yawa sai an kusa kaiwa sama inda bangon dutse ya matse. Masanan dutsen sukan raina ta, su ce wahala ce zalla, kallo ɗaya ake yi tun daga ƙasa har sama. Ba su yi ƙarya ba. Amma ita ce hanyar da ba a bukatar kama dutse da hannu, da wuya a ɓace a cikinta, ba a rasa mutane a kanta, kuma ita ce wadda kowa zai biyo idan saukowa da ƙafa ta zama dole. Wanda ya hau ta nan ya riga ya ga hanyar komawarsa da idonsa, ya san inda matakala ta yi tsayi da inda tsakuwa ke zamewa.

Sauran hanyoyin sun fi ta kyau, kowace kuma da sharaɗinta. Skeleton Gorge tana tashi ne daga lambun tsirrai na Kirstenbosch, wanda aka kafa a 1913, ta ratsa cikin kurmi mai inuwa da sanyi, akwai tsani na katako a wasu wurare, akwai kuma inda ake bin cikin rafin kansa a kan duwatsu. Wannan ɓangare na gabas ya fi na yamma samun ruwan sama nesa ba kusa ba, don haka bayan an yi ruwa duwatsun santsi gare su, ba wurin zuwa ba ne. Wanda ya fito sama ta nan zai tarar da madatsar ruwa ta Hely-Hutchinson da farin yashi a bakinta, amma har yanzu da sauran tafiya mai nisa kafin ya kai tashar motar igiya, kuma zai sauka ne a wani gefen dutsen daban da inda ya bar motarsa. Kasteelspoort tana hawa daga ɓangaren Camps Bay, teku na bayan mutum duk tsawon tafiyar. India Venster kuwa, wadda ke bi ta ƙarƙashin igiyar motar, akwai wuraren da sai an kama dutse da hannu an ja jiki, rami na gefe. Wanda bai saba ba kada ya bi ta sai da ɗan jagora mai rajista, kuma kada ya kuskura ya ce ta nan zai sauko. Ƙa'idar dai guda ce: kafin a zaɓi hanyar hawa a tabbatar an san sunan hanyar sauka, da inda bakinta yake a sama, da inda za ta fitar da mutum a ƙasa.

Daga nan sai lissafin lokaci, kuma daga faɗuwar rana ake fara shi a dawo baya. A watan Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe 5:30 na safe, ta faɗi kusan ƙarfe 8 na dare. A watan Yuni sai kusan ƙarfe 8 na safe take fitowa, kafin 6 na yamma ta faɗi. Masu hawan dutse suna da wani tsohon ma'auni da William Naismith, ɗan ƙasar Sikotilan, ya fitar a 1892: a ba kowace kilomita 5 awa guda, a ƙara wata awa a kan kowane mita 600 na hawa. Idan aka ɗora Platteklip a kan wannan ma'auni za a samu awa biyu ba kaɗan, amma lissafin na ƙaƙƙarfan mutum ne wanda ba ya tsayawa. Sabon shiga ya ware awa biyu da rabi zuwa uku na hawa, ya ware wa sauka kwatankwacin haka, ya ƙara lokacin da zai yi a sama, sa'an nan ya ajiye rarar awa biyu da bai yi niyyar taɓawa ba. A lokacin zafi wannan lissafi yana nufin a kama hanya da fitowar rana, a ci rabin kwazazzabon kafin ta yi ƙarfi. Tun a gida kuma a yanke ƙarfe nawa za a juya, an kai sama ko ba a kai ba, a faɗa wa kowa a cikin ayarin. Amfanin yanke shi a gida shi ne, a kan dutse mutum ba ya yi wa kansa adalci: kullum gani yake saura kaɗan. Mai tafiya a fuskar da ke kallon gari yana da wani agogo na kyauta, wato igwar da ake bugawa a tudun Signal Hill da ƙarfe 12 na rana, ban da Lahadi da ranakun hutu.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan duk abin da na faɗa ita ce motar igiya. Tun 1929 take aiki, tun 1997 kuma ake amfani da manyan motoci masu juyawa da ke ɗaukar mutum 65 kowace, cikin kusan minti biyar ta sauke mutum ƙasa. Me zai sa a wahalar da kai da shirin saukowa da ƙafa? A yawancin ranaku ma shawarar da zan bayar ke nan, a hau da ƙafa a sauko a mota, gwiwoyi su huta. Matsalar ita ce motar takan tsaya idan iska ta yi ƙarfi, wato a daidai ranar da aka fi bukatarta. Idan iskar ta fara tashi akan busa jiniya a tashar sama don mutane su dawo, wanda kuma yake can nesa a kan shimfiɗar dutsen, ko yake tsakiyar kwazazzabo yana hawa, yana iya isowa ya tarar an rufe. Lokacin tashin motar ƙarshe yana canzawa daga wata zuwa wata, a kowace shekara kuma akan rufe ta na wani lokaci don gyara, galibi a tsakiyar watannin sanyi. Wanda ya ƙarar da ruwansa da ƙarfinsa a hawa, da tunanin akwai shago da mota a sama, shi ne zai juya ya fuskanci gangaren mita 700 da ƙishirwa, ƙafa na rawa. Sauka kuwa tana da nata aiki a jiki. A hawa huhu da zuciya ne ke wahala, kuma da an tsaya an huta suke dawowa daidai. A sauka tsokar cinya ce ke taka wa jiki burki a kowane taku, tana riƙe nauyi alhali tana miƙewa, irin aikin da ke gajiyar da tsoka ya bar ta da tsami. Idan ta gaji taku ya daina daidaita, ga yamma ta yi, ga gaggawar isa gida, nan ne targaɗe da faɗuwa suke samun mutum.

Wannan ne ya sa horon jiki ma ya kamata ya karkata ga matakala. Tafiyar kilomita goma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ta koya wa cinya komai game da gangara. Makonni huɗu zuwa shida kafin tafiya a samu bene mai hawa da yawa, ko matakalar filin wasa, a riƙa hawa ana sauka sau uku a mako, da jaka a baya, sanye da takalmin da za a yi tafiyar da shi. Wanda ya isa birnin da sauran kwanaki yana iya gwada kansa a Lion's Head mai tsayin mita 669, inda zai ga yadda jikinsa da zuciyarsa ke karɓar tsayi, don akwai tsani da sarƙoƙi kusa da ƙololuwa. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon suga, ya ga likitansa tukuna.

Abin da ya fi komai nauyi a jaka ruwa ne, kuma shi aka fi yi wa ƙwauro. Lita biyu ga kowane mutum shi ne mafi ƙaranci, a ranar zafi a kai uku, a kuma sha kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta kama, a tabbatar akwai saura idan an kai sama. Ba a dogara da rafukan dutsen, domin da yawansu ƙafewa suke yi a watannin zafi. Bayan ruwa sai tufafin sanyi, ko da gari ya waye da rana tarwai: rigar ɗumi mara nauyi, da jaket mai tare iska da ruwa. Dalilin yana cikin yadda jiki ke asarar zafi. Ruwa ya fi iska saurin janye zafi fiye da ninki ashirin, don haka mutumin da ya iso sama rigarsa sharkaf da gumi, iska mai sanyi ta buge shi, cikin ɗan lokaci zai fara kakkarwa, idan abin ya daɗe kuma tunaninsa ya dushe, hannunsa ya kasa riƙe abu. Rigar auduga ta fi kowace riƙe gumi, shi ya sa ake son yadin da ke saurin bushewa a jikin fata, ko kuwa a riƙe wata busasshiyar riga a leda a canza da an isa. Sai hula mai baki, da man kariya daga rana, wanda baƙar fata ma tana bukatarsa a irin wannan wuri, da tocila ko da ba a yi niyyar kai dare ba, da usur, da bandeji da filasta, da maganin da mutum ya saba sha. Za a ce ai wannan kaya ne, nauyi kuma shi ke rage sauri, saurin kuwa shi ma kariya ne. Akwai gaskiya a ciki ga masu gudun dutse da suka san kowace kwana. Ga kowa da kowa kuwa duk abin da na lissafa bai fi kilo biyar ko shida ba, rabinsa ruwa ne da ke raguwa ana tafiya, sauran kuma ba don mai tafiya aka ɗauko shi ba, don wanda tafiya ta tsaya masa ne, ya zauna awa uku a iska yana jiran a zo a ɗauke shi.

Takalmi ba sai mai tsada ba, ya dai zama mai rufi, mai ƙasan roba da ke kama dutse, wanda ƙafa ta saba da shi. Sabon takalmi a ranar hawa fata yake salewa, silifa da takalmin fita unguwa kuwa ba a maganarsu. A yanke farce, domin a gangara yatsu gaba suke tokara. Mai doguwar riga ko zane ya sani matakalar tana bukatar a ɗaga ƙafa sosai, iska kuma tana kama duk yadin da ya yi yawa, don haka wando mai yalwa da riga zuwa gwiwa sun fi, mata kuma su ɗaura ɗankwali ko ƙaramin hijabin da za a cusa bakinsa cikin jaket, sutura ta cika ba tare da wani abu na jan ƙasa ba. Guzuri a yi shi da abin da ba ya lalacewa kuma ake ci a tsaye, dabino, gyaɗa, ayaba, burodi, da ɗan abu mai gishiri, a kuma ajiye wani kaso da ba za a taɓa ba sai an fara sauka. Wanda azahar za ta riske shi a sama ya sa ruwan alwala a lissafi, ya kuma tuna cewa alƙibla a Cape Town arewa take, an ɗan karkata gabas. Hawan wannan dutse da azumi a baki a watannin zafi ganganci ne, a bari sai bayan salla.

Wasu za su ce waya ta ɗauke duk wannan damuwa, tunda akwai taswira a ciki, ana kuma iya kiran taimako. Waya tana da amfani ƙwarai, amma sabis yakan ɗauke a cikin kwazazzabai da bayan dutsen, sanyi da ɗaukar hoto suna cinye batir, jiƙaƙƙen gilashi kuma ba ya jin yatsa. A sauke taswirar a waya tun a masauki yadda za ta buɗe ba tare da intanet ba, a cika caji, a riƙe batirin ko-ta-kwana, wanda zai bi hanyoyin bayan dutsen kuma ya nemi taswirar takarda. A adana lambar masu aikin ceto na Wilderness Search and Rescue, 021 937 0300, tare da 112 da ake kira daga kowace wayar hannu. Yawancinsu 'yan sa kai ne, kuma roƙon da suke yawan yi shi ne a kira su da wuri, domin ceton da aka fara da rana ya fi na dare sauƙi, jirgi mai saukar ungulu kuma ba ya iya aiki cikin gajimare da iska mai ƙarfi. Abin da waya ba za ta maye gurbinsa ba shi ne abokan tafiya. Mutum huɗu shi ne adadin da ya fi dacewa: idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako, ba wanda aka bari shi kaɗai. Tafiyar ayari da saurin wanda ya fi kowa rauni ake yin ta, ba a kuma rabuwa. Akwai wani dalilin tafiya cikin ayari da bai kamata a ɓoye ba: akan yi wa masu tafiya fashi a wasu hanyoyin da ba kowa, musamman na ƙasa-ƙasa kusa da gari. Jami'an hukumar SANParks, wadda ke kula da gandun dajin da dutsen ke ciki tun kafa shi a 1998, suna sintiri, amma ba za su kasance ko'ina ba. A bi hanyar da mutane ke bi a lokacin da suke bi, a bar fasfo da kuɗi masu yawa a masauki, idan kuma an gamu da ɓarayi a ba su abin da suka nema. Kafin a fita a shaida wa wani a ƙasa sunan hanya, da lokacin dawowa, da abin da zai yi idan lokacin ya wuce bai ji komai ba.

Idan duk da haka gajimare ya rufe mutum a sama, abin farko shi ne ya tsaya ya sa rigunansa tun kafin sanyi ya shige shi, ya tattara mutanensa wuri guda. In hanya tana bayyane a ƙarƙashin ƙafarsa, da alamominta, ya bi ta a hankali zuwa tashar mota ko bakin Platteklip. In ta ɓace masa, ya nemi bayan wani dutse da zai tare masa iska, ya zauna a kan jakarsa, ya kira masu ceto, ya riƙa busa usur. Babban kuskure shi ne bin duk wani kwari da ya yi ƙasa da zaton gari zai kai shi. Kwaruruka da yawa a wannan dutse a hankali suke farawa, sai can su ƙare a bakin bango mai tsayin gaske, kuma wanda ya zame ya sauka mataki biyu ko uku sau da yawa ba ya iya komawa sama. Kwana a kan dutse cikin jaket wahala ce da ake ba da labarinta daga baya.

Dutsen kansa yana da haƙƙi a kan mai hawansa. Tsirran da ke kansa, waɗanda ake kira fynbos, suna cikin yankin furannin Cape da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2004, kuma a kan wannan dutse kaɗai akwai irin tsiro sama da dubu, wasu ba a samunsu ko'ina a duniya. Ba a tsinkar fure, ba a barin shara, ba a kunna wuta, guntun taba ma haɗari ne, domin ciyayin suna kamawa nan da nan idan iska na kaɗawa. Gobarar da ta tashi a gefen Devil's Peak a watan Afrilun 2021 sai da ta gangara ta cinye wani sashe na ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town, da tarin littattafai da takardun nazarin Afirka da ke ciki. Remar da ke kwance a kan duwatsu kusa da tashar sama ta saba da mutane, amma tana cizo, ba a ba ta abinci. Akwai macizai, har da kasa, wadda ba ta gudu idan ta ji motsi, don haka a duba inda za a sa ƙafa da hannu. In an yi rashin sa'a ta sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A kwantar da shi, a cire zobe da agogo, a kira masu ceto.

Saura masu cewa yawan taka-tsantsan yana kashe daɗin tafiya, mutum ya zo kallon ikon Allah an cika masa kai da lissafi. A ganina lissafin ne ke sayo lokacin kallon. Wanda ya isa sama da ƙarfe tara na safe, da ruwa a gora da jaket a jaka, yana da sukunin ya taka kimanin minti 45 zuwa Maclear's Beacon, tarin duwatsun da Thomas Maclear ya sa aka gina don aikin awon ƙasa, wanda shi ne wuri mafi tsayi a dutsen. A kan shimfiɗar zai hango False Bay ta kudu, da jerin tsaunukan Twelve Apostles da suka bi gaɓar Atlantika, da tsibirin Robben inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 a tsare. Wanda ya iso da ƙarfe uku na yamma da busasshen maƙogwaro layin mota kawai zai nema. Don haka, mai karatu, idan ka tashi da asuba ka ga farin gajimare ya kwanta a kan dutsen, itatuwa na rangaji, ka bar jakarka a ɗaure, ka tafi unguwar Bo-Kaap ka ziyarci Masallacin Auwal da aka kafa a 1794, gobe ka sake duba hasashen.